Alƙalin Kotu da "Alkali" na Aji: Turancin Kimiyyar da ke Kwance a Madafin Gidanmu

Ga mu kuma a wani sabon kashi na shirinmu daga nan Dogon Daji. Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ko sabis ya hana su sauraron murya. Gaisuwa ga mutanenmu na Tambuwal, Jabo, Sanyinna, Kebbe da Kuchi, musamman ƙannenmu da ke shirin WAEC da NECO da JAMB.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ina aji biyu na babbar sakandare, malamin kemistiri ya shigo ya rubuta kalma ɗaya a allo: alkali. Ya ce wa ya san ma'anarta? Na yi wuf na ɗaga hannu, na ce, "Malam, mai yanke shari'a." Aji ya kece da dariya, sunan "Alƙali" kuma ya bi ni har na bar makarantar. Malam ya ba mu ma'anar da Turanci, muka haddace, muka zuba a jarrabawa, muka manta. Sai da na shiga jami'a na gane cewa abin nan da ya kunyata ni, kakata tana tace shi a gidanmu kusan kowane mako.

Abin da ya dawo mini da wannan labari shi ne, kwanakin baya wani kawuna ya same ni da wata 'yar kwalba. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mani mi anka rubuta ga wagga kwalba." Na duba, na ga an rubuta dichlorvos. Na ce, "Kawu, me za ka yi da shi?" Ya ce wake zai yayyafa wa kafin ya ɗinke buhu. Jikina ya yi sanyi. A ranar na gane cewa rashin sanin waɗannan kalmomi yana kayar da yaro jarrabawa, yana kuma iya sa guba a tukunyar gida. Don haka yau za mu ɗauki wasu daga cikinsu mu fasa su ɗaya bayan ɗaya. Za ku ga mafi yawansu sunaye ne na abubuwan da muka taso muna taɓawa.

To, mu fara daga madafi.

Alkali na kemistiri ba shi da haɗi da alƙalin kotu, duk da cewa su biyun daga Larabci suka fito. Na kotu daga "al-ƙadi" ne. Na aji daga "al-ƙali" ne, wato tokar wasu tsirrai da Larabawa ke ƙonawa don yin sabulu. Ma'anarsa a sauƙaƙe: sinadarin da ke narkewa a ruwa, mai santsi a hannu kamar sabulu, mai kashe tsami. Ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga tokar karan gero ko dawa, shi ne wannan.

Turawa ma a tukunya suke tace tokarsu su dafa ta har ta ƙafe. Shi ya sa suka kira abin da ya rage potash, wato "pot" tukunya, "ash" toka. Tokar tukunya, shi ke nan. A 1807 wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, ya yi amfani da wutar lantarki ya ciro wani ƙarfe daga cikinta, ya sa masa suna potassium. Idan kun taɓa mamakin me ya sa alamar potassium ta zama K alhali babu K a sunan, amsar ita ce ɗayan sunansa, kalium, wanda shi ma daga "al-ƙali" ɗin nan aka samo shi.

Sai kanwa. A nan akwai tarkon da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. A Turancin kasuwa na Najeriya kowa potash yake ce wa kanwa, amma mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodium ne, ba potassium ba. Sunanta na littafi natron ko trona. A Masar akwai wani kwari da ake kira Wadi Natrun, inda mutanen zamanin Fir'auna ke ɗibar irin wannan gishiri su busar da gawa. Daga natron aka samu natrium, daga nan alamar sodium ta zama Na. Ka ga ke nan, K da Na ɗin da muke haddacewa da kyar, ɗaya toka ce, ɗaya kanwa. Tamu kanwar fatake sun daɗe suna kawo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar.

Sanin cewa kanwa sodium ce yana da amfani fiye da jarrabawa. Sodium idan ya yi yawa a jiki yana riƙe ruwa, yana ta da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego mai tsananin zafi. Ban ce a watsar da al'ada ba, amma mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya, asibiti ya kamata a kai ta, ba ƙarin kanwa ba.

Yanzu ku tuna miyar sure, wadda Kanawa ke kira yakuwa. Idan tsami ya yi yawa, me Inna ke yi? Ta jiƙa kanwa ta zuba. Nan take miya ta taso da kumfa, tsami ya kwanta. Abu biyu ne suka faru, kowanne da dogon sunansa. Kashe tsamin shi ne neutralisation: acid, wato mai tsami, ya haɗu da alkali, kowa ya karya ƙarfin ɗan'uwansa. Kumfar kuwa ita ce effervescence, iskar carbon dioxide ce ke fita. Na taɓa yi wa kakata wannan bayani da duk Turancinsa. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, wanga abu da munka gada shi na kunka biya kuɗɗi ku koyo?" Ban sami amsa ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi yau da dare, ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba. Jiƙa zoɓo, ka raba ruwan a kofi biyu. Matsa lemun tsami a ɗaya, za ka ga jan ya ƙara haske. Zuba ruwan kanwa a ɗayan, za ka ga ya rine ya yi duhu, yana komawa kore-kore. Abin da ke canza launi don ya nuna maka ko tsami ne ko alkali, shi ake kira indicator. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa kuwa anthocyanin ne, daga kalmomin Girkanci biyu, "anthos" fure da "kyanos" shuɗi.

Kafin mu fita madafi, ga ƙananan guda biyu. Mucilage shi ne yauƙi, irin na kuɓewa da lalo da karkashi. Tamarind, sunan tsamiya, daga Larabci ne, "tamar hindi", dabinon Indiya.

Mu shiga ɗakin Inna, mu ɗauko tandun kwalli. Kalmar alcohol, wadda yau kowa ya san ta da giya, asalinta "al-kuhl" ce, wato kwalli. Turawa sun fara amfani da ita ga duk garin da aka niƙa ya yi laushi sosai, daga baya ga duk abin da aka tace har aka fitar da tsantsarsa, a ƙarshe ta tsaya a kan tsantsar giya. A kemistiri kuma alcohol dangi ne guda: akwai ethanol da ke cikin giya da man tsabtace hannu, akwai methanol wanda kaɗan daga cikinsa na iya makantar da mutum ko ya kashe shi.

Shi kwallin kansa fa? Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa galena ne, wato dalma haɗe da farar wuta. Dalma ita ce lead, alamarta Pb, daga Latin plumbum. Mutanen Rum na dā da ita suke yin bututun ruwa, shi ya sa har yau ake ce wa mai gyaran famfo plumber. Mu nan ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani kan haɗarin dalma, domin abin ya faru a maƙwabtanmu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙura na sauka a ƙasa da abinci, yara na shaƙa suna haɗiya. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da ba ta kashe shi ba. Saboda haka jariri dai a bar idonsa, kada a ranbaɗa masa kwallin da ba a san asalinsa ba.

Daga nan mu leƙa wajen majema. Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyen 'ya'yan bagaruwa, ko ya sha shayin da ganye ya yi masa yawa, ya san yadda baki ke ɗaurewa. Mu bauri muke cewa, littafi ya ce astringent. Abin da ke kawo baurin sunansa tannin. Yana kama sinadaran gina jiki ya ɗaure su. A baki yana kama na miyau, shi ya sa harshe ke yin kaushi. A fata kuwa yana ɗaure ta yadda ba za ta ruɓe ba, wannan shi ne jima. Majeman Sakkwato da bagaruwa suka daɗe suna jeme fatar jar akuya. Fatun nan sun riƙa ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can su wuce Turai, inda aka san su da sunan fatar Maroko. Aikin namu, suna na wani. Ku riƙe wannan magana, za mu sake haɗuwa da ita yanzun nan.

To, mu fita daji, wajen itatuwa. Abin da ya fi tsorata ɗalibai a bayoloji shi ne sunayen Latin masu kalma biyu. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari a littafinsa na 1753. Dalilin kuwa mai kyau ne. Itace ɗaya mu ce dogon yaro, Bakano ya ce darbejiya, wani ya ce maina. Ana buƙatar suna guda da duk duniya za ta gane. Kalma ta farko kamar sunan gida ce, ta biyu ta bambanta shi da danginsa. Kuma kowanne da labarinsa.

Kuka ita ce Adansonia digitata. An sa mata sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya je Senegal a 1749 ya rubuta bayaninta. Digitata kuwa daga kalmar yatsa ce. Ɗauki ganyen kuka ka duba, ai kamar tafin hannu yake da yatsu a buɗe.

Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa. Sunan Mungo Park ne, Baturen da ya bi kogin Neja ya mutu a Bussa a 1806. Daga kalwarta ake daddawa, kuma aikin da ke faruwa a kwanakin da aka rufe kalwa har ta yi wari shi ne fermentation: wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, musamman wata mai suna Bacillus subtilis, suna narka iri su sauya masa ɗanɗano. Haka abin yake a daddawar batso, da nono idan ya yi tsami, da ƙullun masa idan ya kwana ya tashi.

Gawo kuwa labarinsa ya fi taɓa ni. Sunansa Faidherbia albida. Louis Faidherbe gwamnan mulkin mallakar Faransa ne a Senegal, shi ne ya yaƙi Alhaji Umaru Futi a Madina ta bakin kogin Senegal a 1857. Shi kuma Alhaji Umaru ya yi shekaru a Sakkwato, har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wato itacen da ke tsakiyar gonar mahaifinka, a littafin duniya yana ɗauke da sunan wanda ya yaƙi surukin Bello. Ba na faɗin wannan don mu ƙi koyon sunan. Ina faɗi ne don mu lura: wanda ya rubuta, shi ke raɗa suna.

Gawo zai koya mana kalmomi uku. Ta farko deciduous, itacen da ke kaɗe ganyensa a wani lokaci na shekara. Kuka tana kaɗewa da rani. Gawo ya saɓa wa kowa, da damina yake tuɓewa, da rani ya yi kore shar. Don haka ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana, ga ganyen da ya zubar ya zama taki.

Ta biyu legume, dangin tsirrai masu 'ya'ya a cikin kwanso: wake, gyaɗa, gujiya, waken suya, ɗorawa, tsamiya, bagaruwa, har da shi gawon. Ta uku nodule. Tuge wake ko gyaɗa ka duba saiwar, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Wasu na zaton cuta ce. A'a, gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne masu suna Rhizobium. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nitrogen ce, amma shuka ba ta iya cin ta kai tsaye. Su ƙwayoyin ke kamo ta su mayar da ita abincin shuka, ita kuma ta ba su masauki da abinci. Kamo iskar shi ne nitrogen fixation, zaman nasu kuma symbiosis, abin da Bahaushe ya daɗe da kira cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Idan ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba su san Rhizobium ba, amma sun san ƙasar da wake ya kwana a cikinta ta fi albarka.

Kishiyar wannan zama shi ne parasite, ci-ma-zaune. Babban misalinsa a gonakinmu ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Sunansa Striga, wato mayya a Latin. Sunan ya dace, domin tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwar dawa ko gero yana tsotsa, kafin furensa ya bayyana ya riga ya yi ɓarna. Tushe ɗaya na zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Wanda ya san haka zai tuge shi kafin ya yi iri, ya kuma fitar da shi daga gona ya ƙona.

Yanzu mu zo shagon taki da maganin feshi, inda kuɗinmu da lafiyarmu suke. NPK haruffa uku ne: N nitrogen, mai sa ganye kore, P phosphorus, mai taimakon saiwa da iri, K kuwa tsohon abokinmu ne, tokar tukunya. Lambobin da ke jikin buhu, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, kason kowanne ne cikin 100. A buhu mai kilo 50 na 15-15-15, nitrogen ɗin kilo 7 da rabi ne. Yuriya kuma kashi 46 cikin 100 nitrogen ce, wato kilo 23 a buhu, amma ba ta da P ba ta da K. Kowanne da aikinsa, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Sunan urea daga kalmar fitsari ne, don a can aka fara gano ta, sai a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa ta a ɗakin gwaji.

Kalmar da za ta cece ka asara ita ce volatilisation, wato abu ya zama iska ya gudu. Idan ka watsa yuriya a saman ƙasa cikin zafin rana ka tafi, wani kaso nata zai zama iskar ammonia ya bi sama. Kuɗinka ne ke tashi. A tona, a zuba a ƙasa mai danshi, a rufe.

Mu koma ga kwalbar kawuna. A jikin kowace kwalbar magani akwai sunan kasuwa da manyan haruffa, akwai kuma ƙaramin rubutu, active ingredient, wato ainihin sinadarin da ke aiki. Shi ya kamata ka nema. Dichlorvos shi ne abin da ke cikin fiya-fiya da ire-irensa, guba ce mai taɓa jijiyoyi, ba a yi ta don a cuɗa da abincin da za a ci ba. Abin da ya maƙale a abinci bayan an sa magani shi ne residue. Saboda yawan dichlorvos a waken Najeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da ci.

A kuma duba launin da ke gindin takardar kwalba. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Idan ka ga pre-harvest interval, kwanakin da dole ka jira ne tsakanin feshi da girbi, masu tumatir da albasa da kayan lambu a fadama su kula. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, wadda wasu ke kira bom, ita ce fumigant, maganin da ke kisa da iska. Da ta ji danshi sai ta saki iskar phosphine, wadda ke kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Kada a taɓa ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana.

Me na ce wa Kawu? Na koya masa kalma guda, hermetic, abin da aka rufe ruf iska ba ta shiga. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, da haka yake aiki: ƙwari su shanye iskar da ke ciki su mutu, ba magani ko ɗigo. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau ma tana yi, in dai waken ya bushe sosai kuma an cika ta. Ya ce, "Ashe dai toshe mashi numfashi a magani." Ya mayar da kwalbar.

Ta ƙarshe a wannan layi, aflatoxin. Fasa ta uku: A daga Aspergillus, fla daga flavus wato rawaya, toxin guba. Gubar wata hunhuna ce da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. An gano ta bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Brazil. Tana lalata hanta, tana jawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi hunhuna ko ɗaci, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don gudun asara.

Kun lura da abin da muka yi wa aflatoxin? Wannan ita ce dabarar da nake so ƙannena su tafi da ita. Doguwar kalma kamar rake ce, gaɓa-gaɓa ake shan ta. Duk inda ka ga "cide" a ƙarshe, kisa ne: herbicide na kashe ciyawa, insecticide na kashe ƙwari, fungicide na kashe hunhuna. "Phyte" tsiro ne. "Xero" bushewa, don haka xerophyte tsiro ne mai jure fari, irin tumfafiya da aduwa. "Hydro" ruwa, don haka hydrophyte shi ne bado da kainuwa. "Photo" haske, "synthesis" haɗawa, photosynthesis ke nan, ganye na haɗa abinci da hasken rana. "Ose" a ƙarshe yawanci sukari ne: sucrose na rake, lactose na madara, fructose na zuma da 'ya'yan itace. Gaɓoɓi ashirin irin waɗannan za su buɗe maka ɗaruruwan kalmomi.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce tunda kakanninmu sun san toka da bagaruwa, ba mu buƙatar littafi ba. Kaka ta san kanwa na kashe tsami, amma littafi ne ya gaya mana abin da sodium ke yi wa zuciya, shi ne kuma ya gano dalma a jinin yaran Bagega. Jarrabawa ma da Turanci za a yi ta, dole a iya rubuta kalmar daidai. Abin da nake cewa shi ne a ɗora sabon suna a kan abin da yaro ya riga ya sani. Malaminmu da ya shigo aji da ƙullin kanwa da kofin zoɓo, da ban yi shekaru ina amsa sunan Alƙali ba.

Akwai wani likita Bature, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewacin Najeriya. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da na Latin. Daga bakin wa ya ji sunayen? Daga manoma da makiyaya da masu magani, kakannin kakanninmu. Yau shekara fiye da 100, tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna ƙarewa, itatuwan ma gatari na cin su.

Don haka ga aikin gida. Kowane ɗalibi ya sami ƙaramin littafi ya raba shafi uku: kalmar Turanci, sunanta ko misalinta da Hausa, sai inda ya gan ta da idonsa. Cikin makon nan ka zauna da tsoho ɗaya, ka tambaye shi itatuwa biyar da amfaninsu, ka rubuta har da yadda ake faɗi a garinku. Wanda kuma ya iya karatu, idan zai raka mahaifinsa ko maƙwabcinsa shagon magani, ya karanta masa ƙaramin rubutun nan kafin a biya kuɗi.

Ku turo mana kalmomin da suka taɓa ɗaure muku kai, za mu zaɓi wasu mu fasa a kashi na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ya yi gwajin zoɓo ya ɗauki hoton kofunan biyu ya turo. Ni ne naku, tsohon Alƙalin aji biyu. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.